Dukan Gangar Baba

Da Baba ya rasu ban yi kuka ba. Mutane sun ɗauka tawakkali ne, har suna yaba mini a bayan idona, alhali ni babu abin da na ji ne kawai. Ni na shiga kabari na karɓe shi, na gyara masa kwanciya, na fito na karkaɗe gwiwar wandona, kuma abin da ke raina a lokacin shi ne ko an kashe injin ban ruwan da na bari yana aiki a fadama. Muka dawo gida aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure. Mutanen Wurno da na Magarya da na Rabah suka yi ta zuwa, kowa ya ce Allah ya ji ƙansa, in ce amin, kowa ya ce ya haƙuri, in ce da godiya. Bakina na aiki, hannuna na gaisawa. Sauran jikina kuwa ya zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Na yi zaton kwana biyu ne abin zai sake ni. Bai sake ni ba. Na koma makarantar firamaren da nake koyar da lissafi, na ci gaba da zuwa gonar albasata da yamma, ina cin tuwo ina ƙoshi, ina barci har da minshari, in ji mai ɗakina. Wani lokaci sai in zauna da gangan in tuno fuskar Baba, in tuno tarinsa na asuba, in jira in ga ko wani abu zai motsa a ƙirjina. Shiru. Sai in tashi in ci gaba da abin da nake yi, ina jin kunyar kaina, kunyar ma ba mai zafi ba.

Baba makaɗin gangar noma ne. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A da, idan mutum ya kira gayya, samarin gari su taru su yi masa noma a yini guda, ba a jera galma sai an kira Baba. Zai zo da gangarsa rataye a kafaɗa, ya shanya ta a rana fatar ta ɗame, sannan ya bi bayan manoma yana kaɗa wa kowa takensa. Gangar nan ba da kunne kaɗai ake jin ta ba. Idan ya sauke gula a tsakiyar fata, a ƙasan cibiya take samun mutum, dum, kamar an tura maka tulu cike da ruwa a ciki. Raggo ma in ya ji, sai ka ga ya duƙa ya kama kunya yana ci kamar ana binsa. Ina ƙarami nakan tsaya a bakin gona in dafe cikina da hannu biyu ina dariya, ban san abin da ke ba ni dariyar ba.

Da aka gina madatsar Goronyo ruwa ya samu, noman rani ya kankama, sai aiki ya canza hali. Kowa ya koma fadama da injinsa da 'yan ƙwadagonsa, albasa da shinkafa ba sa jiran a tara samarin gari. Ƙarar inji ma ba ta barin a ji wata ganga. Baba bai yi ƙorafi ba, ya rataye ta a ɗakinsa ya kama noman albasa kamar kowa, kuma ya fi samun abin hannu fiye da da. Gara ta ci icen, ɓera ya ci fatar. Wata shekara ana gyaran ɗaki aka fitar da abin da ya rage aka sa a murhu, shi da kansa ya ce a sa.

Sai in faɗi yadda gidanmu yake, don a gane abin da ya biyo baya. Ni ne ɗan fari. Ana yaye ni aka kai ni Rabah wurin Goggo, ƙanwar Baba, can na girma, sai dai in zo hutu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, yadda al'ada ta tanada tsakanin uwa da ɗan fari. Mutumin Rabah take ce mini, shi ma ba da ni take yi ba, da wanda ke kusa take yi. In na durƙusa na gaishe ta, takan amsa tana kallon ƙwarya ko bango. In tana son in ci abinci, sai ta ce wa wani a tambayi mutumin Rabah ko ya ci. Ba ƙiyayya ba ce, na sani, duk garin haka ake yi, ban kuma taɓa kai ƙarar kowa a zuciyata ba. Amma tun da na yi wayo ban san ɗumin hannunta ba. Autanmu kuwa har ya yi gemu a kan tabarmarta yake kwanciya yana ba ta labarin birni, tana dungure masa kai.

Abu na biyu shi ne hulata. Sanƙo ya kama ni tun ban yi aure ba, ya share kan tas bai bar mini ko na rantsuwa ba. Tun daga lokacin ban yarda wani mahaluki ya ga tsakiyar kaina ba, in ka cire wanzami da mai ɗakina. Hula ce mai tauri, nakan danna ta har ta taɓa saman kunne. Ga tabarau mai kaurin ƙafa da likitan ido ya haɗa ni da shi. 'Yan makaranta na cewa da su aka haife ni. Ƙannena duka sun san kaina ba wurin wasa ba ne.

Auta a birni yake, aikinsa haɗa sauti, irin masu zama a ɗaki mai sanyi suna murɗa maɓallai ana biyansu. Bai samu jana'iza ba, yana hanya aka rufe Baba, kuma na ga abin ya tsaya masa. Da Inna ta fita takaba sai ga shi ya dawo da wata jaka baƙa a rungume kamar jariri. Ya same ni a zaure da hantsi, ya zube ya gaishe ni.

"Yaya, na taho maka da Baba," ya ce.

"Wane irin zance na wanga?"

Sai ya yi bayani. Ashe cikin kayan Baba ya tsinci wani tsohon kaset da wani mai rikoda ya ɗauka a wata gayya a Magarya, cikin gayyar ƙarshe-ƙarshe da aka yi. Ya tafi da shi birni ya wanke shi a kwamfuta, ya cire shuuu ɗin da tsofaffin kaset ke yi. Ya buɗe jakar ya fito da hedifon, ba irin na 'yan acaɓa mai siririyar waya ba. Wannan ƙato ne, kowane ɓari kamar rabin ƙwarya, da matashi mai laushi na fata a zagaye, ga wani ɗan akwati da ake jona shi kafin a kai ga kwamfutar. Ya ce irinsa manyan masu aikin sauti ke amfani da shi. Na tambayi kuɗinsa, ya yi dariya ya ce in ya faɗa zan kore shi daga gidan. Na ce to kada ya faɗa.

Ya miƙo mini da hannu biyu, na ɗora a kan hulata, na gyara ya sauka a kunnuwa. Ya danna.

Gaskiya ban taɓa jin abu ya fito fes haka ba. Na ji ƙarar galma tana shiga ƙasa. Na ji wata mata can nesa tana kiran a kawo ruwa, na ji jaki, na ji numfashin manoma. Na ji Baba ya yi gyaran murya, irin nasa mai kama da tari, kusa da kunnena na hagu har na kusa waiwayawa. Sannan ganga ta shigo. Na gane taken, na gane hannun, shi ne ba wani ba. Amma kas, kas, kas kawai nake ji, kamar ana buga bayan faranti. Na jira abin nan ya same ni a ciki. Na jira har kiɗan ya yi nisa. Na cire na miƙa masa.

"Ƙaƙa kaj ji, Yaya?"

"Na ji komi. Amma ba ta duka."

"Mi?"

"Gangab Baba duka takai. Wagga surutu kawai takai."

Fuskarsa ta canza. Ya karɓa ya sa a kansa, shi da ba ya sa hula sai ranar Juma'a, ya lumshe ido, na ga kafaɗarsa tana zabura da kowane bugu. Ya cire ya dube ni, ya dubi wajen kaina, ya buɗe baki ya rufe. Sai ya juyo mini da kwamfutar.

Ya nuna mini wani zane, layi ne da ya taso daga hagu zuwa dama. Ya ce masu gwada irin waɗannan kaya suna da wani kai na roba, da kunnuwa da komai, an dasa makirfo a cikin ramin kunnen. Sai a ɗora masa hedifon, a saki sauti tun daga mafi kauri har mafi siriri, na'ura tana auna ƙarfin kowanne tana zanawa. Ɓangaren hagu shi ne amo mai kauri, wanda su suke kira bes, nan dukan ganga yake zaune. In layin ya sunkuya a hagu, kayan ba su da ƙarfi. Na wannan kuwa a miƙe yake har ƙarshe, bai ko rusuna ba. Ya sake buɗe wani zanen, na kaset ɗin kansa, ya nuna mini tuddai a jere, ya ce kowane tudu saukar gular Baba ce, dukan yana ciki, ba a rasa shi ba.

"Kan roba," na ce. "To shi kan roban ya taɓa zuwa gayya?"

Ya yi dariyar yaƙe. Ni ma na ji daɗin maganar a bakina, amma daga baki ba ta wuce ba. Malamin lissafi ne ni. Na san sandar awon da ke tsaye cikin ruwa a madatsa, mai zane-zane. Na sha jin tsofaffi a kasuwar Goronyo suna cewa su a jikinsu suke jin ruwan bana ba zai kai na bara ba, sanda kuwa tana faɗin akasin haka, kuma a ƙarshe wanda ya bi sanda shi ke kwashe albasarsa a kan lokaci. Shekara da shekaru ina gaya wa yara cewa ido na ruɗi, a ɗauko ma'auni. Yau ga ma'auni ya ce duka na nan, ni na ce babu.

Auta ya ce ba ni kaɗai ba ne. Wai a intanet akwai masu irin wannan gardama, dare da rana, mutanen da suka sayi kaya iri ɗaya. Wasu su ce layi daban duka daban, akwai abin da na'ura ba ta kamawa, wani hedifon layinsa a miƙe amma bugunsa kamar na mai jin yunwa. Nan take na ji ina son mutanen nan, ko su waye. Na tambaye shi su kuma masu awon me suke ce musu.

"Cewa sukai zuciyassu ta ka raya musu."

Bai san inda maganar ta sauka ba. Na ce ya tattara kayansa, ina da aiki.

Kwanakin da ya yi a gida, kullum sai ya ɓullo da wata dabara. Ya canza ɗan akwatin. Ya ƙara ƙarfin bes ɗin a kwamfuta har layin ya yi doro. Ni kuma kullum in ɗora a kan hula in saurara in ce babu. Wata rana ina shirin sawa ya ce, "Yaya, ana zahi yau, ko ka ɗan sha iska?" Na ce ni na ce masa ina jin zafi? Wata rana kuma ya ce ko tabarau na matsa mini. Na ce da ido nake ji ko da kunne? Ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Na lura yana yawan kallon kaina, na ɗauka raini ne irin na 'yan birni, na ƙara tamke fuska.

Abin da ya fi damuna, kowa na ji ban da ni. Mai ɗakina ta saurara a ɗaki, ta fito tana dafe da ƙirji tana salati. Ƙannena mata suka yi ta kuka suna karɓa hannu da hannu. Na ce a raina mata ne, ko a faranti aka buga musu za su yi kuka.

Ranar kasuwar Goronyo na tafi da Auta a bayan babur, muka biya ta gonata a fadama. Maƙwabcin gonata tsoho ne mai ƙarfi, yana cikin samarin da Baba ya yi wa kiɗa a zamaninsu. Da ya ji abin da ke cikin jakar sai ya kashe injinsa ya hauro. Ya cire malfarsa ya ajiye a kan kunya, ya share zufar kansa da gefen riga, Auta ya ɗora masa. Ban ƙirga uku ba mutumin nan ya yi tsalle kamar an ɗana masa wuta. Ya duƙa, ya kama galmar da babu ita, ya shiga sara iska yana tafiya, waya na binsa, Auta na binta da kwamfuta a hannu yana roƙon ya tsaya.

"Shi na! Wallahi shi na!" yake ta ihu, ya manta mu muna jinsa sarai. "Takena na wanga! Ya dake ni, ɗan'uwa, ya dake ni har ga haƙora!"

Hawaye na bin furfurar gemunsa. Wannan ba ɗan Baba ba ne, ba ƙaninsa ba, maƙwabci ne kawai da aka taɓa yi wa kiɗa. Ni ɗan cikinsa na tsaya ina kallo. Sai na juya na je na duba man injina, wanda na san a cike yake.

Daga nan Auta ya ce yana son ganin madatsa, ya daɗe bai je ba. Mun tarar an buɗe ƙofofin ruwa. Rugugin yana shigowa ta tafin ƙafa ya hau har ƙugu, masunta na magana da hannu don ba a jin murya. Auta ya matso kunnena ya ce wannan shi ne bes na gaskiya, kuma ya yarda babu hedifon da zai girgiza ciki haka, tun da a kunne kaɗai yake zaune. Amma bugun da ke cikin kunne, wanda ke sa mutum ya ƙifta ido, wannan kam yana nan, ya rantse. Na tsaya ina jin ƙasa na rawa a ƙarƙashina, ina kallon sandar awo can cikin ruwa. Ƙafafuna na ji, kunnuwana na ji. Ashe ba kurma ba ne ni.

A hanyar dawowa na tsayar da babur a gindin wata bishiyar bedi, ban juyo na dube shi ba.

"Auta, kayanka lahiya lau suke. Ka bar wahal da kanka. Ni na."

"Yaya..."

"Tun randa anka rufe shi ban ji komi ba. Ko ɗis. Na ɗauka in na ji gangatai abin zai buɗe. To ga ta na jiya."

Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, kuma da na faɗa ban ji sauƙi ba. Tsoro nake ji, shi ma daga nesa, kamar tsoron wani ne aka ba ni ajiya. Ina tsoron ko ni ne irin ɗan da ubansa zai mutu ya ji daidai da mutuwar akuyar maƙwabta. Na ji Auta ya ja numfashi a bayana kamar zai yi magana mai tsawo. Sai ya ce mu tafi kada la'asar ta wuce mu.

Ranar da zai koma, da safe bayan rana ta ɗan ɗaga, na shiga cikin gida in gaida Inna. Tana zaune a tabarma a inuwar rumfa tana tsince wake a faifai, Auta na gefenta da jakarsa, yana naɗe waya. Ita ta riga ta saurari kaset ɗin tun zuwansa, ba sau ɗaya ba, a ɗakinta. Na durƙusa daga nesa kaɗan inda na saba, na gaishe ta, ta amsa wa faifai. Sai ta ce da Auta:

"Mutumin Rabah ya ji abin nan?"

"Ya jiya, Inna. Ya ce ba ta dukanai."

"Mi ya hana?"

Auta ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Da ya yi magana, da ita ya yi, kamar ba na wurin.

"Hulla ta, Inna. Da tabarau. Abin nan sai ya manne ga kai ko'ina, iska bai shiga, sannan dukan ka hitowa. Hulla na ɗage shi ta bisa, ƙahwat tabarau na buɗa shi ta gehe, dukan duk shi zurare. Tun ranaf farko nig gani. Kan da anka auna da shi ba ya da hulla." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Ni kuwa ba ni iya ce ma Yaya shi ɗebe hullatai."

Jini ya hau mini kai. Wato duk kwanakin nan yaron nan yana kallona ina ɗora abu a kan hula kamar wawa, ya bar ni ina zargin zuciyata, don kawai ba ya iya buɗe baki. Kuma da ya tashi buɗewa sai a gaban Inna. Na ɗago zan wanke shi tas, sai na ga Inna ta ajiye faifai.

Ta dafa ƙasa ta miƙe a hankali, gwiwoyinta na ƙara. Na ɗauka ɗaki za ta shiga ta bar mu. Sai ta nufo ni. Ta zagaya ta tsaya a bayana, inda ba sai mun haɗa ido ba. Na ji an kama hulata ta sama an ɗaga. Iskar safe ta sauka a tsakiyar kaina, sanyi har cikin wuya. Ban motsa ba. Da wani ne da an ji mu a bakin kasuwa.

"Kan ubanai sak," ta ce da Auta.

Ta zaro tabarau ta baya ta miƙa masa. Gidan duka ya narke, rumfa da turmi da Auta suka zama inuwa-inuwa. Auta ya matso a kan gwiwa ya ɗora mini hedifon, karo na farko fatarsa ta taɓa fatar kaina. Kafin ya gama gyarawa sai na ji tafin hannu biyu sun sauka a kan ɓarin dama da na hagu sun danna, tun da ta ji an ce sai ya manne. Yatsunta sun zarce sun kwanta a gefen goshina. Busassu ne, masu kaushi, da ɗumi, suna ƙanshin wake da hayaƙi. Duniya ta yi tsit, har ina jin bugun jinina.

Galma. Matar da ke kiran ruwa. Gyaran murya. Sannan Baba ya sauke gula.

Dum.

Na ƙifta ido ban shirya ba. Ya sake saukewa, haƙorana suka amsa. Ba a ciki ya same ni ba kamar na bakin gona, Auta ya yi gaskiya, a cikin kai ne, amma duka ne na sosai, mai nauyi, mai gindi. Layin nan bai yi ƙarya ba. Ni ma ban yi ƙarya ba. Ban san na ce wani abu ba, sai na ji muryata daga nesa tana cewa ya daka, ya daka.

Da Inna ta ji haka sai ta ga aiki ya yi. Na ji yatsunta sun fara sassautawa, ɗumin yana janyewa daga goshina. Hannun ya tashi. Ganga ba ta rage komai ba, tana nan tana duka yadda take, tun da babu hula babu tabarau abin ya zauna da kansa. Amma wani abu ya taso mini daga ƙasan ciki, daidai inda nake dafewa ina yaro. Ban taɓa roƙon Inna komai ba, ban ma san yadda ake yi ba.

"Inna," na ce, ban juya ba. "In kin saki, dukan na tahiya."

Na ɗage ɓari ɗaya kaɗan don in ji amsa. Ina ganin inuwar Auta a gabana. Ya san zanensa, ya san abin ya manne, ya san ko an riƙe ko ba a riƙe ba kusan duk ɗaya ne. Mutumin da ya kwashe kwanaki yana kare layinsa kamar gonar gado.

"Gaskiya na, Inna," ya ce. "Haka ma'auni yan nuna. Sai an riƙe."

"To," in ji ta.

Hannuwan suka dawo, suka danna fiye da na farko. Na ji gefen zanenta a bayana. Baba na bin manoma yana kiran takensu ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa abin da ya ƙi zuwa a bakin kabari ya zo, babu ko sallama. Ba kukan manya na yi ba, mai share ido da gefen riga. Kafaɗuna rawa suke yi, majina da hawaye sun haɗu, ina jin suna gangarawa har kan yatsunta. Ba ta ce in yi haƙuri ba, tsakaninmu ba a fara magana rana ɗaya.

Kiɗan ya kai ƙarshe, ganga ta tsaya, aka ji hayaniyar manoma suna neman fura. Na san yanzu za ta saki. Sai na ga inuwar Auta ta miƙa hannu wajen kwamfuta, galma ta sake shiga ƙasa, matar nan ta sake kiran a kawo ruwa. Inna tana jin motsin gangar a tafin hannunta, ta ji lokacin da ta tsaya, ta kuma ji lokacin da ta dawo daga farko. Ta gyara tsayuwa a kan gwiwoyinta masu ciwo, ba ta ɗaga hannunta ba.